Laimar Shawagi: Me Ɗan Koyo Zai Fara Saya, Me Zai Bari Sai Gaba?

Duk cikin jiragen sama da ɗan Adam ya ƙera, babu mai sauƙin ɗauka kamar laimar shawagi, wadda ake kira faraglaida. Yadin nailon ne da bai wuce kilo 4 zuwa 6 ba, da siraran igiyoyi masu tsawon ɗaruruwan mitoci idan aka haɗa su, sai kujerar da matuƙi ke zama a ciki. A naɗe ta, ta shige jakar goyo. A shimfiɗa ta a gangaren dutse, ta sha iska ta kumbura, ta zama fiffike mai faɗin mita 10 ko fiye. Idan kuma matuƙin ya goya inji mai farfela a bayansa, sunan ya koma faramoto, kuma ba ruwansa da dutse: fili kamar na ƙwallon ƙafa ya ishe shi ya sheƙa a guje ya ɗaga.

Wasan ba tsoho ba ne. A 1978 wasu abokai uku masu dirowa daga jirgi da laima, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, suka gwada tashi da ƙafa daga gangaren dutse a Mieussy ta ƙasar Faransa, abin ya yiwu. Daga nan ya bazu. Ya zo har yankinmu: tun 2005 ake bikin shawagi a Kwahu ta ƙasar Gana a lokacin Ista, inda ƙwararrun matuƙa ke ɗaukar fasinja daga dutsen Odweanoma su sauke shi a filin wasa na Nkawkaw. Ba'amurken mai ɗaukar hoto George Steinmetz kuwa, aikin hoton Sahara a Nijar ne ya sa shi koyon faramoto a 1997.

Sauƙin nan shi ne tarkon. A Amurka, dokar da ake kira Part 103, wadda ta fara aiki a 1982, ta ce abin tashi mai inji da bai kai kilo 115 ba, wanda tankinsa bai wuce kusan lita 19 ba, kuma mutum ɗaya yake ɗauka, ba ya bukatar lasisi ko rajista. A Birtaniya ma doka ba ta tilasta lasisi ga mai tashi da ƙafafunsa ba. Jamus ta tsaurara, sai da takarda. Faransa ta ƙyale faraglaida, amma ta wajabta lasisi ga faramoto. Wato a ƙasashe da dama mai kuɗi a kati zai iya odar jirgin sama da daddare, a kawo masa cikin kwali, ba wanda zai tambaye shi ko ya taɓa riƙe igiyar birki.

Ra'ayina kan wannan ciniki ɗaya ne: aikin kayan farko shi ne su yafe wa ɗan koyo kuskurensa. Gudu, nisa, launi mai kyau a hoto, rashin nauyi, duk su biyo baya. Kuma zuciya inji take fara hange, alhali shi ya kamata ya zo ƙarshe.

Abin da ake fara biya ba ya shiga jaka, domin koyarwa ce. Makarantar kirki tana ba ɗalibi aron fiffike da kujera da hular kwano da rediyo. Kwanakin farko a ƙasa ake yin su. Ka ɗaga fiffiken sama da kanka, ka riƙe shi tsaye cikin iska. Ya karkata dama ka bi shi ka shiga ƙarƙashinsa, ya nemi wuce ka ka taɓa birki, ya zube ka tattara ka sake. Yadin yana jan ƙasa, yana shan rana da ƙura. Wa zai so ya yi wannan dambe da sabon kayan Yuro dubu uku da wani abu? A bar tsohon fiffiken makaranta ya sha dukan. Bayan haka, wanda bai tashi ba bai san abin da yake so ba. Wasu a tashin farko suke gane cewa sama ba tasu ba ce, kuma ba abin kunya ba ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai asara shi ne wanda ya riga ya sayi kaya, ya koma neman mai saye da faɗuwa.

Kwas ɗin farko yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu idan iska ta yi kyau, kuma iska ba ta duba kalandar kowa. A tambayi malami ƙungiyar da ta ba shi takardar koyarwa: BHPA a Birtaniya, FFVL a Faransa, DHV a Jamus, USHPA da USPPA a Amurka, SAHPA a Afirka ta Kudu, ko APPI mai makarantu a ƙasashe daban-daban. Mai karatu daga Kano ko Damagaram ko Garwa ya san da wuya ya sami makaranta a ƙofar gida. Tafiya za ta kama shi, Maroko ko Turkiyya ko Afirka ta Kudu, don haka tikiti da masauki suna cikin kuɗin kayan tun daga farko.

Akwai wata magana da makarantu ba sa son a yi ta da ƙarfi: malamin, sau da yawa, dillalin kaya ne. Kuɗin koyarwa ba ya riƙe makaranta, ribar sayar da fiffike da inji ce ke riƙe ta. Saboda haka in ya ce kamfani kaza ya fi, mai yiwuwa kamfanin da yake wakilta ke nan. Duk da haka na fi karkata ga saye a wajen malami, ko da akwai ɗan ƙarin kuɗi. Shi ya ga yadda kake gudu da yadda hannunka ke rawa, shi zai rataye ka ya daidaita maka kujera, shi zai fara gwada fiffiken kafin ya miƙa maka, shi kuma za ka kira idan igiya ta tsinke. Malamin da ya kamata a guje wa shi ne wanda ya ce ba zai fara koya maka ba sai ka sayi kayansa, ko mai zagin kowane kamfani sai nasa.

Faraglaida ko faramoto? Ƙasar da mutum yake zaune ce ke amsa rabin tambayar. Faraglaida tana son gangare mai fuskantar iska, ko a ja mutum sama da igiya. Idan ya tashi, abin da ke riƙe shi a sama shi ne ginshiƙan iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasar da rana ta gasa, waɗanda ungulu da shirwa ke kewayawa a cikinsu da hantsi ba tare da kaɗa fiffike ba. Faramoto kuwa safiya da maraice ne lokacinsa, sa'ad da iska ta kwanta. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Hausa faramoto ne zai fi samun ranakun tashi, kuma tsakar rana ta bazara, mai guguwa tana murɗa ƙura a fili, ba lokacin ɗan koyo ba ce ko da wane irin kaya.

To, ga babban ciniki: fiffiken kansa. A Turai akwai ma'auni mai suna EN 926. Kashinsa na farko na ƙarfi ne: ana ɗaura fiffiken a bayan mota a ja shi har ya ɗauki ninki 8 na nauyin da aka rubuta masa. Kashi na biyu ya fi ban sha'awa. Matuƙan gwaji, kamar na cibiyar Air Turquoise da ke Villeneuve a Suwizalan, suna hawa sama bisa tafkin Janeba su lalata tashin da gangan. Matuƙi zai kama igiyoyin gaba na gefe ɗaya ya fizgo su, rabin fiffiken ya naɗe, sai ya saki hannunsa bai taimaka da komai ba, kamara tana ɗauka. Ana duba yawan juyawar da fiffiken ya yi, da yadda ya sunkuya gaba, da ko ya buɗe da kansa. Ana maimaita irin wannan da gaban fiffiken gaba ɗaya, da jan birki har ya daina tashi, da kewayawa mai tsanani. Kowane gwaji yana samun harafi daga A zuwa D, kuma harafi mafi muni shi ne na fiffiken duka. Mai daraja A, idan gabansa ya naɗe, cikin ƙasa da sakan 3 yake buɗewa da kansa. Mai D yana jiran matuƙi ya yi abin da ya dace a daidai lokacin da ya dace, in bai yi ba lamarin ya ƙara cakuɗewa.

Ɗan koyo bai san abin da ya dace ba tukuna. Idan fiffike ya yi ƙara ya naɗe a kansa karon farko, ko dai ya sandare, ko ya danne birki fiye da kima. Don irin wannan hannu aka yi ajin A: igiyar birkinsa tana da doguwar tafiya kuma tana ƙara tauri kafin a kai inda fiffiken zai daina tashi, tamkar yana gargaɗi. Advance Alpha, Gin Bolero, Nova Prion, Niviuk Koyot, Skywalk Mescal, BGD Magic, duk 'yan wannan aji ne, kuma tsakaninsu bambancin bai kai yadda 'yan talla ke faɗa ba.

Inda ake yawan zamewa shi ne ajin B, domin aji ne mai faɗin gaske. A ƙasansa akwai fiffiken da abu ɗaya ko biyu kawai suka hana shi samun A. A samansa akwai wanda saura ƙiris ya zama C, an yi shi ne don mai shekaru yana tashi. Harafinsu ɗaya a takarda, halinsu a cikin iska mai tangal-tangal ba ɗaya ba. Abin da ke tona asirin shi ne lambar siranta, wato tsawon fiffike daga wannan gefe zuwa wancan idan aka gwada da faɗinsa daga gaba zuwa baya, wadda kowane kamfani ke rubutawa a jadawalin bayanan kayansa. 'Yan ajin A suna wajen 4.7 zuwa 5, saman B yana kusantar 6, na gasa yana haura 7. Duk sirantar fiffike, duk kyawun tafiyarsa, duk kuma saurin fushinsa. Idan wani ya ce maka "ai B ne kawai, sayi wannan kada ka gaji da A cikin wata uku," tambaye shi lambar.

Maganar gajiya da A ma a duba ta. Fiffiken A na yau, a iska kwantacciya, yana cin mita 8 zuwa 9 gaba a duk mita ɗaya da ya sauka. Mutane sun yi tafiyar kilomita 100 da fiye da irinsa. Abin da ke saukar da sabon matuƙi da wuri rashin sanin inda iska mai hawa take ne, kuma wanda hankalinsa ya kwanta da fiffikensa ya fi samun sararin kallon ƙasa da gajimare ya koya, a kan wanda kullum idonsa na sama yana jiran yadi ya naɗe.

Bayan aji sai girma. Kowane fiffike yana zuwa da girma huɗu ko biyar, kowanne da iyakar nauyinsa, misali kilo 75 zuwa 95. Nauyin da ake nufi na komai ne: mutum da tufafinsa da takalmi, kujera, laimar ceto, hula, ruwan sha, da fiffiken kansa. Kayan faraglaida sukan ƙara kilo 15 zuwa 20, don haka mai kilo 70 zai tashi da kusan 87. Idan faramoto ne, a ƙara inji da firam ɗinsa na wajen kilo 25 da fetur lita 10 mai kusan kilo 7 da rabi, mutumin nan ya haura 110. Kada a yi lissafin a ka. A goya komai a hau sikeli. Galibin malamai suna son mutum ya faɗa tsakiya zuwa saman iyakar, domin fiffiken da ya yi wa mutum girma ba ya cika tam da iska, kuma ba ya iya kutsawa gaba. Gudun waɗannan fiffike idan an saki birki bai wuce wajen kilomita 37 a awa ba. Iskar da ta kai 30 ta kusa cinye shi, mara nauyi kuwa sai ya ga ƙasa tana tafiya gaba shi yana komawa baya.

Masu faramoto suna da ƙarin abin lura. Akwai fiffiken da aka ɗaga bayansa sama kaɗan don ya jure gudu ba tare da naɗewa ba, fasahar da Mike Campbell-Jones ya shigo da ita a shekarun 1990, kuma ana sarrafa ta da wasu maɗaurai da ake kira tirima. Na 'yan koyo a wannan fanni sun haɗa da Dudek Universal da Ozone Roadster. Sai dai harafin EN da ke jikinsu yakan shafi yanayin da tirima ke rufe ne, kuma cikin iyakar nauyi ta tashi ba inji. Da zarar an sake su, an fita daga abin da aka gwada. Takardar hukumar jiragen sama ta Faransa, DGAC, da ake gani a kan fiffiken faramoto da yawa ba ta maye gurbin wancan gwajin. Mafi yawanta shaida ce da kamfanin ya bayar a kan kayansa. Ƙananan fiffike masu murabba'in mita 16 ko 18 da ake gani a bidiyo suna shafar ciyawa da gefe, waɗannan a bar wa masu su.

Sabo ko na hannu? Ba laifi ba ne sayen na hannu, rabin kuɗi yakan sauka. Amma yadin fiffike yana tsufa ta inda ido ba ya gani. An shafe shi da wani sinadari da ke hana iska ratsa shi, rana da gogayya da damshi suna cinye shafen a hankali. Launi yana nan ras, amma iska tana zurarewa ta cikin saƙar. Irin wannan fiffike yana nawa wajen tashi, kuma yana iya tsayawa cak a sama ya riƙa saukowa tsaye, musamman in ya jiƙe. A wurin bincike ana manne yadin a bakin wata 'yar na'ura mai zuƙo iska ta cikinsa, a ƙirga sakan nawa za ta ɗauka. Sabon yadi yana ɗaukar ɗaruruwan sakan. Wanda ya sauko wajen 10 ya gama aiki, sai dai wasa a ƙasa. Ana kuma soka allura mai ma'auni a ja don a ga ko yadin zai yage. Igiyoyi ma da nasu ciwon: na Dyneema suna tsukewa su gajarta, su canza zaman fiffiken a iska, na aramid kuwa tsawonsu ba ya canzawa amma ƙarfinsu yana raguwa da lanƙwasawa, shi ya sa ake cire wasu a ja su har su tsinke a ga nauyin da suka ɗauka. Yawancin kamfanoni sun ce a yi wannan bincike duk shekara 2 ko bayan wajen awa 100 na tashi, kuma rayuwar fiffike gaba ɗaya ba ta cika wuce awa 300 zuwa 500 cikin hasken rana ba.

Saboda haka fiffiken hannu ba ya da farashi sai da sabuwar takardar bincike daga wurin da ba na mai sayarwa ba, mai ɗauke da lambar da ta yi daidai da wadda aka ɗinka a jikin yadin. Ba takarda, cinikin biri a sama ke nan. "Awa goma kawai na yi da shi" magana ce da kusan kowane mai sayarwa ke faɗa. Fiffiken da ya haura shekara 10 kuwa, ko a akwati ya kwana, zanensa ya tsufa, kuma araha ba ta ado. A intanet akwai kuma masu sayar da hoton kayan da ba su taɓa mallaka ba.

Mai niyyar kawo fiffike ƙasashen Sahel ya san cewa zai tsufa da wuri fiye da na Turai. Rana ta fi ƙarfi, ƙurar hunturu tana shiga saƙar tana gurza ta, ƙarangiya tana manne wa igiyoyi, ƙaya tana huda yadi. Ko fara ce aka naɗe da ita a ciki, za ta ci yadin ta fita. Barin jaka a but ɗin mota da tsakar rana kuwa ya fi awoyi da yawa na tashi ɓarna. Wannan ya sa yadi mai ɗan kauri, wajen giram 38 zuwa 40 a murabba'in mita, ya fi mara nauyi na giram 27 da masu hawan dutse ke so.

Kujera ba ta da dogon bayani. A sayi ta zama a miƙe, mai kariyar baya, ko soso mai kauri ko jakar iska, domin karayar ƙashin baya na cikin raunukan da aka fi sani a wannan wasa. A zauna cikinta a rataye na ɗan lokaci kafin a biya. A tabbata maɓallanta irin waɗanda ba za a iya ɗaure ƙirji a manta ƙafafu ba ne; mutane sun mutu saboda sun tashi ba su ɗaure maɗaurin cinya ba, suka zame ta ƙasa. Doguwar kujerar nan mai rufe ƙafafu kamar kwale-kwale ta masu dogon zango ce. Ƙugiyoyi biyu da ke haɗa kujera da fiffike kuwa suna da wa'adi, galibi shekara 5, ko da suna ƙyalli.

Laimar ceto ita ce abin da ake saye da fatan kada a taɓa amfani da shi, shi ya sa mutane ke tsuke hannu a kanta. Kuskure ne babba. Ma'aunin EN 12491 ya yarda ta sauko da mutum da gudun da bai wuce mita 5.5 a sakan ba idan an ɗora mata cikakken nauyinta, daidai da dirowa daga katanga mai tsayin mita ɗaya da rabi. Wannan a iyaka ke nan. Wanda ya haura iyakar da nauyin inji a baya, ƙafafunsa za su ba da labari. A ɗauki wadda ta fi nauyinka da rata mai kyau, a saye ta sabuwa, a riƙa buɗe ta tana shan iska ana sake naɗewa duk wata 6 zuwa shekara, a canza ta bayan wajen shekara 10. Hular kwano ta zama mai shaidar EN 966, ta faramoto kuma da abin toshe kunne. Takalmi mai riƙe idon sawu, marar ƙugiyoyin da igiya za ta maƙale. Kamara a kan hula ta jira, ita ma igiya take kamawa. Wanda zai tashi kusa da ruwa ya sa abin da zai taso da shi, domin nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu faramoto.

Yanzu a zo ga inji. Mafi yawansu irin ƙaramin janaretan nan ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100, sai dai man nasu na musamman ne. Kamfanin Vittorazi na Italiya ya mamaye kasuwar da injuna biyu: Atom 80, mai ƙarfin doki 16 da nauyin kilo 10 da ɗoriya, da Moster 185, mai ƙarfin doki 25 da kusan kilo 14. Akwai Polini Thor da Top 80, kuma kamfanoni kamar Parajet da Scout da PAP su ke ƙera firam da keji su ɗora injin. Sabon shiga yakan ce a ba shi mafi ƙarfi. Ya tuna cewa a bayansa zai goya shi, ya yi gudu da shi, tashin ya ƙi, ya dawo ya sake, sau uku ko huɗu cikin zufa. Inji mai ƙarfi kuma yana murɗa matuƙi gefe guda idan aka danne totur. Mai ƙaramin jiki Atom ya ishe shi. Mai gwiwa marar lafiya ya duba wanda ake ɗorawa bisa tayoyi uku.

Amma a yi hattara da alƙaluman kamfani, domin lissafin jiragen sama yana ɗaukar mutum a bakin teku yake, zafi digiri 15. Iska tana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na kaurinta a duk ƙarin digiri 3, da kusan kashi 10 a duk hawan mita 1,000. Inji da farfela da fiffike duk da kaurin iska suke aiki. Wanda zai tashi a Jos, mita 1,200 sama da teku, ko a Sakkwato da maraicen Afrilu, injin da ya ishi takwaransa a Ingila zai bar shi yana ta gudu filin ya ƙare. Irin wannan mutum ya ƙara mataki ɗaya a ƙarfi.

Abin da ya fi ƙarfin doki muhimmanci shi ne kayan gyara. Waɗannan injuna ba su da takardar shaidar injin jirgi, suna girgiza, noti yana kwancewa, salansa yana tsagewa, bel yana saki, kabireta tana toshewa da gurɓataccen mai. Littafinsu ya jera abin da za a duba ko a canza bayan awa 25, 50, 100, kuma mai faramoto dole ya zama rabin makanike. Injin zai mutu a sama wata rana; ba abin tashin hankali ba ne ga wanda ya bar fili a ƙarƙashinsa, domin fiffiken zai sauko da shi lafiya. A sayi injin da ya yi yawa a duniya, wanda fulogi da bel da robobinsa ke samuwa cikin sauƙi, a haɗo da farfela ta biyu, domin ɗan koyo yakan fasa ta farko. Na lantarki, irin SP140, ba ƙara sosai ba gyara sosai, amma lokacin tashinsa gajere ne kuma jigilar batirinsa aiki ce.

Farfelar ita ce dodon. Raunuka masu muni da yawa a ƙasa ake samun su: mutum ya durƙusa gaban inji ya ja igiyar tayarwa, totur ya maƙale, injin ya yi kansa, yatsu ko hannu su tafi. A duba keji mai ƙarfi da raga mai ƙananan idanu, a kuma zaɓi wanda za a iya tayarwa yana goye a baya.

Kuɗi fa? A 'yan shekarun nan sabon fiffiken A yana tsakanin Yuro 3,000 da 4,000. Da kujera da laimar ceto da hula ana maganar 4,500 zuwa 6,000. Cikakken kayan faramoto da koyarwa a Amurka yakan kai Dala 10,000 zuwa 15,000. A ƙara jigila, kwastan, inshora, da kuɗin tura fiffike waje don bincike. Kamfanonin jirage da yawa ba sa karɓar injin da ya taɓa shan fetur cikin kayan fasinja. Kafin a tura ko sisi kuwa, a rubuta wa hukumar sufurin jiragen sama, NCAA a Najeriya, ANAC a Nijar, GCAA a Gana, a sami amsa a takarda. A Najeriya tun 2016 ko jirgi marar matuƙi sai da izinin NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma tun da mayaƙan Hamas suka yi amfani da faramoto ranar 7 ga Oktoban 2023, jami'an tsaro a ko'ina suke kallonsa da wani ido. Kayan da aka riƙe a tashar jirgi ba sa tashi.

Fiffiken A ba ya kwantai a kasuwa, domin duk shekara sababbin ɗalibai suna fitowa, wanda aka kula da shi mai takardar bincike yana maido da kaso mai kyau na kuɗinsa. Idan bayan shekara ɗaya ko biyu hannu ya fara ƙaiƙayin hawa aji na gaba, akwai abin da ya kamata ya riga sabon fiffike: kwas ɗin SIV, wanda ake yi bisa ruwa a wurare kamar Annecy a Faransa da Oludeniz a Turkiyya. Ɗalibi yana sanye da rigar ruwa, kwale-kwale yana jira a ƙasa, malami yana magana ta rediyo, shi kuma yana naɗe fiffikensa da gangan yana koyon gyarawa. Kuɗin kwas ɗin, har da tikiti da masauki, yawanci bai kai na sabon fiffike ba.